Shin kotu tana iya hana a wallafa ɓata suna tun kafin a wallafa shi?

Malamin makaranta, Mokoyo:

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna wannan zaure. Na kawo muku maganar da ta hana gidanmu barci tun farkon makon nan, kuma ina roƙon masana shari'a da ke cikinmu su dube ta da idon basira. Yayata ta fi shekara goma sha biyar tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mata tara ne ke aiki a hannunta, kuma masu shaguna a babbar kasuwa, da wasu daga Tibiri da Madarunfa, a wurinta suke saro jarkoki. Ranar Talata wani mai shafi a Facebook, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya saka hoton jarkokinta da tambarinta, ya rubuta cewa tana gauraya man da wani abu mai cutarwa, sannan ya yi alkawarin cewa kashi na biyu yana tafe ranar Juma'a ta sama, tare da muryar wata da ya ce ta taɓa aiki a gidan. Kafin la'asar an mai da rubutun saƙon murya, ya shiga WhatsApp. Washegari da safe mai amalanke ya dawo da jarka shida da aka riga aka saya, ya jera su a zaure, yayata ta zauna a kan tabarma tana kallonsu har rana ta take ba ta ce uffan ba. Tambayata ita ce, shin akwai hanyar da alƙali zai hana mutumin nan sakin kashi na biyu tun kafin ranar ta zo, ko kuwa dole ne mu jira ya gama ɓarnarsa sannan mu kai ƙara?

Lauya, ɗan Maraɗi mazaunin Yamai:

Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya ba Hajiya haƙuri, Ya kuma bayyana gaskiya. Abubuwa biyu ne a cikin maganarka, kuma wajibi ne a raba su, domin shari'a ba ta yi musu kallo ɗaya. Na farko shi ne rubutun da ya riga ya fita ranar Talata, na biyu kuma wanda ba a wallafa ba tukuna. A tsarin da muka gada daga Faransa akwai shari'ar gaggawa, wadda lauyoyi ke kira refere, inda shugaban kotu yake sauraron ɓangarori biyu cikin ƴan kwanaki, ya ba da umarni na wucin gadi domin a tsayar da wata ɓarna da take a fili, ba tare da ya yanke asalin shari'ar ba. A kan rubutun Talata, kuna da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa: ku roƙi a cire shi, a kuma ɗora wa mai shafin tara a kan kowace ranar da ya yi jinkiri. Amma a kan kashi na biyu, gaskiyar da zan faɗa maka ita ce alƙalai suna ɗari-ɗari ƙwarai, saboda ana neman su hukunta maganar da ba su ji ba, kuma su rufe bakin mutum kafin ya sami damar cewa yana da shaida. Dokar ƴan jarida ta Faransa ta 29 ga Yuli 1881, wadda ita ce uwar dokokin ƙasashe da yawa na yankinmu, ta ba wanda ake tuhuma da ɓata suna kwana goma ya gabatar da hujjar cewa abin da ya faɗa gaskiya ne. Hikimar ita ce, magana mai zafi ba ta zama laifi don zafinta kawai, sai an auna ta da ma'aunin gaskiya. Abin da za ku yi yau, kafin komai, shi ne ku sa ma'aikacin shari'ar nan mai kai sammaci ya ɗauki rubutun da saƙon muryar a rubuce, da kwanan wata, domin mai shafin yana iya gogewa ya musanta.

Ɗan kasuwa mai bin hanyar Jibiya:

Ranka ya daɗe lauya, ban gamsu ba. Idan na ga mutum ya ɗauko ashana ya nufi rumbuna, ba za a ce mini in jira wuta ta kama sannan in tabbatar da cewa niyyarsa mugunta ce ba. Magana zarar bunu ce, kuma mu ƴan kasuwa jarinmu na gaskiya shi ne amana, domin yawancin kayan da ke yawo tsakanin Maraɗi da Katsina a kan bashi da yarda suke tafiya. Ko da kotu ta ci mutumin nan tarar miliyan, ina zai samo ta, kuma wace tara ce za ta dawo da mai shagon da ya riga ya koma wurin wata mai man? Diyya bayan ɓarna ihu ne bayan hari.

Tsohon ɗan jarida, Sabon Gari:

Alhaji, zafin da kake ji ina jin irinsa, kuma ba na kare wanda ya mai da shafinsa wurin cin naman mutane. Amma na yi shekaru a gidan rediyo, kuma ina so ka tsaya ka tambayi kanka, idan aka buɗe wannan ƙofa, wa zai fi shiga ta cikinta? Ba mai man gyaɗa ba ce. Wanda yake da lauya a shirye dare da rana, wanda ya ji ƙishin-ƙishin cewa ana binciken kwangilar da ya karɓi kuɗinta bai yi ba, shi ne zai riga kowa isa gaban alƙali. Misalin ashana da ka kawo bai zauna daidai ba, domin kowa ya san wuta ɓarna ce tun kafin ta kama, ita kuwa magana tana iya zama ƙazafi, tana kuma iya zama gargaɗin da zai ceci rayuka, kuma ba a bambance su sai an ji hujja.

Bari in tuna muku abin da ya faru kusa da mu. A shekarar 2006 wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya kawo dattin masana'anta mai guba aka zubar a wurare daban-daban cikin birnin Abijan, dubban mutane suka garzaya asibitoci. A 2009 lauyoyin kamfanin suka sami umarnin kotu a Landan da ya hana jaridar Guardian buga wani rahoton bincike a kan dattin, har ma ya hana ta faɗa wa jama'a cewa an hana ta. Sai da wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya ya tayar da tambaya a majalisa, jama'a suka yi ca a intanet, sannan aka janye umarnin. Na san hujjar da aka kafa a can ita ce sirrin takarda, ba ɓata suna ba, amma makamin ɗaya ne, kuma waɗanda aka rufe wa labarin talakawa ne ƴan Afirka ta Yamma irinmu. Yanzu ku juya maganar, ba don ina zargin Hajiya ba ko kaɗan: a ce wani ne daban a garin nan yake gauraya mai da abin da zai cutar da yara, wani ya gano, shi kuma ya ruga kotu ya sa aka toshe bakinsa wata shida ana jiran shari'a. Wa zai ɗauki alhakin yaran da suka ci wannan man a cikin watannin?

Ɗalibar shari'a:

Baba ya taɓo wurin da aka koya mana a darasin kwatanta dokoki. A Ingila akwai ƙa'idar da ta samo asali daga shari'ar Bonnard da Perryman ta shekarar 1891, inda wata jaridar harkokin kuɗi ta zargi wasu da cuta a kasuwanci, suka nemi a hana ta ci gaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce, muddin wanda ake ƙara ya tsaya a kan cewa zai tabbatar da gaskiyar maganarsa a zaman shari'a, ba za a hana shi wallafawa ba, sai fa idan ya bayyana ƙarara cewa maganar ƙarya ce wadda babu mai hankalin da zai karɓa. Kotun ta sake jaddada wannan ƙa'ida a 2004, kuma kotunan ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, har da maƙwabtanmu na Najeriya, suna kafa hujja da ita. A Amurka ma sun fi tsanani: tun shari'ar Near da jihar Minnesota a 1931 kotun ƙoli ta ɗauki hana bugawa tun kafin a buga a matsayin abin da kusan ba ya halatta, kuma a 1971 ta ƙi hana jaridu buga takardun sirrin ma'aikatar tsaro kan yaƙin Biyetnam. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙa'idar Ingila ba ta rufe ƙofar gaba ɗaya ba, ta bar kafa ga ƙaryar da take a fili. Ina ganin nan ne Hajiya za ta iya tsayawa, idan ta riga mai shafin kawo hujja.

Malamin Islamiyya, unguwar Zariya:

Bismillah. Ina so in ƙara abin da addini ya ce, tunda shi ne ma'aunin da yawancinmu muke komawa gare shi a zuci. Musulunci bai ɗauki mutuncin mutum da wasa ba: a aya ta 4 cikin Suratun Nur an yanke bulala tamanin ga wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu huɗu ba, aka kuma hana karɓar shaidarsa. A aya ta 6 cikin Suratul Hujurat an umarce mu da mu yi bincike idan fasiƙi ya zo mana da labari, kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ku lura cewa wannan umarnin a kan mai sauraro yake, wato a kan kowane ɗayanmu da ya danna ya tura wannan saƙon murya zuwa wani zaure. Kuma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun shahara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku, wadda take goyon bayan Alhaji. Sai dai adalci ya wajabta in faɗi ɗaya gefen. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai kai kukan zalunci da gargaɗin Musulmi game da cuta, kuma faɗakar da mai saye kan aibin haja yana cikin nasiha. Saboda haka shugaba ba zai hana magana don kawai tana ɓata wa wani rai ba, sai ya tambaya: gaskiya ce ko ƙage? A nawa fahimtar, abin da ya kamata a tilasta shi ne bincike cikin hanzari, a kira mai shafin a ce ya kawo hujjarsa yanzu, ba a bar shi yana yi wa baiwar Allah barazana da ranar Juma'a ba.

Uwar marayu, Bagalam:

Malamai ku yi mini afuwa, duk misalan da kuke kawowa na kamfanoni ne da jaridu da gwamnatoci. A unguwarmu an fasa auren wata yarinya saura kwana tara, an riga an kawo lefe, saboda hoton da wani ya haɗa ya tura da maganar banza a ƙarƙashinsa. Na ga uwarta tana mayar da akwatunan, tana naɗe atamfofin ɗaya bayan ɗaya hannunta yana rawa. Wane amfanin jama'a ne a cikin wannan da har za a ce alƙali ya jira? Mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa.

Lauya, ɗan Maraɗi mazaunin Yamai:

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma shari'a ma ta yarda da ke a nan. Abin da ya shafi sirrin rayuwar mutum, kamar hotonsa, da lafiyarsa, da al'amuran ɗakinsa, hukuncinsa daban ne da zargi kan sana'a ko kan aikin hukuma. A sirri, ko da maganar gaskiya ce ba ta zama kariya ga mai yaɗawa ba, kuma da zarar ta fita ba ta komawa, shi ya sa alƙalai suka fi saurin hanawa. A Faransa, cikin Janairun 1996, ƴan kwanaki bayan rasuwar shugaba Mitterrand, alƙalin gaggawa ya dakatar da sayar da littafin da tsohon likitansa ya rubuta kan ciwon da aka ɓoye wa jama'a. A 2004 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce dakatarwar wucin gadi a lokacin makoki ta dace, amma hanin dindindin da ya biyo baya ya wuce gona da iri, tunda labarin ya riga ya bazu. Maganar man gyaɗa kuwa ta shafi abin da mutane ke sa wa a tukunya, saboda haka alƙali zai ce jama'a suna da haƙƙin su sani idan gaskiya ce. Wannan ne ya sa na yarda da ƙanwata ɗaliba: maimakon ku roƙi a hana shi ambaton Hajiya kwata-kwata, wanda da wuya a ba ku, ku kai man a gwada a ɗakin bincike da hukuma ta amince da shi, ku shiga da sakamakon a hannu, ku roƙi a cire rubutun Talata, a kuma hana shi maimaita wannan zargin guda ɗaya takamaimai. Umarni ƙunƙuntacce da aka gina a kan hujja ya fi samuwa, kuma ba ya danne haƙƙin kowa.

Mai gyaran waya da kwamfuta, kusa da tasha:

Ina da abin ƙari ta fuskar aikina. Umarnin kotu yana kama mutumin da aka sani da shafin da ake gani, amma saƙon muryar da ya shiga WhatsApp yana zaune ne a cikin wayoyin mutane, kuma kamfanin kansa ba ya iya karanta shi balle ya goge. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke, a ƙarar da wata ƴar siyasar Ostiriya ta shigar, cewa ana iya umartar Facebook ya cire kalaman da kotu ta tabbatar sun saɓa doka tare da makamantansu, amma wannan a kan abin da ke bayyane ne, kuma kai umarnin kotun Maraɗi ga kamfanin da ke wata nahiya aiki ne mai tsawo. Sannan hani yana iya ƙara wa magana kasuwa. A 2011 wani ɗan ƙwallon da ke wasa a Ingila ya sami umarnin hana jaridu ambaton sunansa, sai dubban mutane suka riƙa rubuta sunan a Twitter har aka faɗe shi a majalisa. Idan mai shafin ya fito ya ce an hana shi magana don ana ɓoye wani abu, mutanen da ba su taɓa jin labarin ba ma za su nemi ji.

Ɗan kasuwa mai bin hanyar Jibiya:

To idan hanin ba ya kamawa, a kama shi kansa. Na ji an dawo da ɗauri kan masu ɓata suna a intanet. Kwana biyu a gidan kaso zai sa ya manta da kashi na biyu.

Tsohon ɗan jarida, Sabon Gari:

Haka ne Alhaji, an dawo da shi, kuma ina roƙon Malam da Hajiya su yi dogon tunani kafin su bi wannan hanya. Mun daɗe muna hawa da sauka a kan wannan batu a ƙasar nan. Dokar ƴancin aikin jarida ta 4 ga Yuni 2010 ta cire ɗauri a kan ɓata suna ta kafar jarida, kuma ranar 30 ga Nuwamba 2011 shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain, wadda take kiran ƙasashen Afirka su soke dokokin da suka mai da ɓata suna laifin hukuntawa, ya zama shugaban ƙasa na farko da ya yi haka. Sai dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta dawo da ɗauri ta bayan gida, aka cire shi a 2022, aka kuma mayar da shi a Yunin 2024, shekara ɗaya zuwa uku tare da tarar miliyan ɗaya zuwa biyar na sefa. A matakin nahiya kuwa, kotun Afirka da ke Arusha ta yanke a Disamban 2014, a ƙarar ɗan jaridar Burkina Faso Lohé Issa Konaté wanda aka ɗaure wata goma sha biyu aka kuma rufe jaridarsa wata shida, cewa ɗauri a kan ɓata suna ya wuce kima. Ni abin da nake so Hajiya ta samu shi ne wanke sunanta, kuma ɗauri ba ya wanke suna. Idan aka kulle shi gobe, rabin gari za su ce mai kuɗi ta sa an rufe talaka don ya faɗi gaskiya, jarkokin kuma ba za su koma kasuwa ba. Inda na yarda da ku, kuma na yarda da zuciya ɗaya, shi ne jinkirin shari'a zalunci ne a kan wanda aka yi wa ƙage. Da a ce ana sauraron irin wannan ƙara cikin mako guda, a tilasta wa wanda ya yi ƙarya ya saka hukuncin kotu da neman gafara a saman shafin da ya yi ɓarnar, da muryarsa, da babu mai neman a rufe bakin kowa tun kafin ya buɗe.

Uwar marayu, Bagalam:

Idan da muryarsa ne, a cikin zaurukan da na farko ya shiga, to wannan na yarda zai yi amfani, domin mata da yawa a unguwarmu ba sa karanta rubutu, murya suke ji.

Malamin makaranta, Mokoyo:

Na gode muku baki ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa yayata duk abin da kuka rubuta bayan sallar isha'i, na kuma faɗa mata gaskiya cewa samun umarnin da zai rufe bakin mutumin nan gaba ɗaya abu ne mai wuya. Da farko ranta ya ɓaci, ta ce ashe mai ƙarya ya fi mai gaskiya gata, amma da na kai wurin maganar yaran da za su ci gurɓataccen mai idan aka toshe bakin mai gargaɗi, sai ta yi shiru, can ta ce ita ma tana da jikoki masu cin ƙosai a bakin titi. Ta ce ba ta son a ɗaure ɗan kowa, sunanta take so a dawo mata da shi. Yau da safe an ɗauki rubutun da saƙon muryar a rubuce kamar yadda lauya ya ce, kuma mun ware mai daga jarkoki shidan da aka dawo da su, a gaban masu shago biyu da suka yarda su zama shaidu, domin kada a ce mun canza wanda za a gwada. Mai unguwa ya aika a kira mahaifin mai shafin gobe bayan la'asar. Idan ya kawo hujja za mu saurara, idan bai kawo ba kuma ya ƙi cirewa, ranar Litinin za mu shigar da ƙarar gaggawa da takardar gwajin a hannu. Ranka ya daɗe lauya, zan turo maka hoton rubutun ta waya domin ka nuna mana ainihin jimlar da za mu roƙi a hana shi maimaitawa.